Ku Tambayi Kawu: Gidanmu Na Kan Taya, Yaya Za Mu Yi Da Zuwa Ganin Gida?

Assalamu alaikum masu karatu. Wannan makon saƙonni huɗu ne suka faɗo a kan abu ɗaya, wato 'yan'uwanmu na ƙasashen waje da suka bar zaman haya suka koma rayuwa cikin motar gida, irin mai gado da kicin da banɗaki a cikinta, yau suna wannan gari gobe suna wancan, da kuma yadda zuwa ganin gida yake zame musu. Na sakaya sunaye kamar yadda muka saba.

TAMBAYA: Salam Kawu, ya gida ya ƙoƙari. Ni ɗan Kano ne ina zaune a Amurka da girin kad, wato katin izinin zama na dindindin, ni da matata. Shekara uku kenan da muka saki gidan haya don wallahi duk abinda na samu can yake tafiya, muka sayi RV, wato motar gida, ta hannu muka koma cikinta, aikina a kwamfuta nake yi duk inda akwai sabis zan iya. Lokacin sanyi muna Arizona wajen wani ɗan gari Quartzsite, in zafi ya shigo mu haura arewa. Toh Kawu Hajiyata ta tsufa, kwanan nan kullum maganarta in zo ta ganni, na ce zamu zo daga watan Mayu mu yi damina a gida. Matsalar itace ban taɓa gaya mata a mota muke zaune ba, in zamu yi bidiyo kol sai in zauna inda labule da kujera suke kamar falo, tsoro nake kar a ce ɗan Hajiya ya tsiyace a Amurka yana kwana a mota. Sannan ban san yadda zan bar motar wata da watanni ba, kuma wata nawa zan iya yi katina bai samu matsala ba tunda bani da gida a can? Na ƙarshe, ni da kullum a tafe nake, in na zo Kano kasaru zan yi ko cikawa? Dan Allah a taimaka.

AMSA: Wa alaikumus salam ɗana, Allah ya ƙara wa Hajiya lafiya da nisan kwana. Kafin komai ka sayi tikiti. In tsohuwa ta fara cewa zo in ganka ba a ce mata bari in gama shiri, sauran tambayoyinka duk da takarda da sifana ake warware su, wannan kuwa ba a hannunka lokacinta yake ba. Kai da kake Quartzsite nasan ka sha wuce kabarin nan mai siffar dala da raƙumi a samansa, na Hadji Ali da mutanen wurin ke ce wa Hi Jolly, mai jan raƙuma da sojojin Amurka suka ɗauko daga ƙasashen daular Usmaniyya a 1856, a nan ajali ya same shi a 1902 nesa da inda aka binne cibiyarsa. Mutum yakan fita da niyyar kwana kaɗan.

Maganar ɓoye mata kuwa, ban goyi bayanka ba ko kaɗan, kuma ka gaya mata tun kafin ka taso, kar ka bari sai kuna zaune a tsakar gida ƙanwarka ta ɗauki wayarka tana duba hotuna ta ce la Yaya wannan ai mota ce, a gaban kowa. Ramin ƙarya ƙurarre ne, kuma zafin da Hajiya za ta ji na cewa shekara uku kana jan labule kana rufe ta ya fi zafin motar kanta. Na fahimci tsoronka. A Kano in aka ce wane a mota yake kwana ba wanda zai kawo gado da firij da shawa a ransa, tasha za a tuna da kwali a ƙarƙashin tirela. Shi yasa kar ka fara da dogon bayani, kira ta da rana tsaka ka zagaya da ita da kyamara, ga murhun gas da tukunyar miya a kai, ga firij a buɗe da abinci a ciki, ga banɗaki ga buta, ga inda kuke shimfiɗa darduma, ga sola a rufi, sannan ka fita ka nuna mata motar daga nesa ta ga girmanta. Kuma ka miƙa wa matarka wayar ta yi magana da bakinta kai ka fita, don ina tabbatar maka abinda zai fara zuwa ran Hajiya shine ka ɗauko 'yar mutane kana yawo da ita a jeji. Iyayen matar ma haƙƙinsu ne su sani, in har basu sani ba ka nemi afuwarsu da kanka, kar ka bar mata wannan nauyin.

Kana iya gaya musu cewa abun nan sananne ne a can, akwai kamfanoni irin su Winnebago da aka kafa tun 1958 suna wannan sana'a, garin Elkhart na jihar Indiana kusan da ƙera irin waɗannan motoci ya dogara, kuma duk watan Janairu dubban mutane ne ke cika jejin Quartzsite, da yawansu tsofaffi 'yan fansho da suka sayar da gidajensu da ganin damarsu. Amma kar ka ƙawata abun fiye da kima, ka faɗi gaskiyar cewa kai haya ce ta fi ƙarfinka ka nemi mafita ta halal, ba abun kunya bane mutum ya ƙi cin bashi. Sai dai ka shirya, ko ta yarda da duk wannan akwai tambayar da za ta biyo baya. Hajiya ta san labarin fatake, kakanninmu masu zuwa Gwanja saro goro sai su shafe watanni suna sauka zango zango, amma kowane falke yana da ƙofar gidan da za a nuna a ce nan ne gidan wane. Za ta ce ina taka ƙofar? In Allah ya kawo haihuwa a ina yaro zai yi makaranta da islamiyya? Kar ka ji haushi, tambaya ce mai kyau, ku zauna kai da matarka tun yanzu ku samu amsar da kuka yarda da ita, ko da fili ne za ku saya a fara zuba bulo a hankali.

Yanzu mota. Izinin zaman dogon lokaci na jejin Quartzsite daga 15 ga Satumba ne zuwa 15 ga Afrilu, kuma ko da ana bari, ba a barin mota a buɗaɗɗen jeji ba kowa. Zafin ƙasan Arizona ba wasa bane, a 2023 birnin Phoenix ya jera kwana 31 zafi yana kaiwa digiri 43 ko fiye, irin wannan rana tana cinye taya, ta busar da robar da ke riƙe ruwa a rufi da tagogi, ta kashe batir. Ka nemi wurin ajiyar motoci na biya mai rumfa da katanga da kyamara, in da hali ka haura wajen Flagstaff da ke kan tudu kusan mita 2,100 iska ta fi sauƙi. To amma ka zubar da ruwan motar gaba ɗaya ka bi bututu da ruwan hana daskarewa ɗin nan mai launin hoda wanda aka yi don famfon motar gida, ba na inji ba don na inji guba ne, ko da a Mayu zaka tafi. Dalilina shine wanda ya je gida bai san ranar dawowarsa ba, rashin lafiya ko rasuwa ko biki sai su ƙara maka wata biyu, Flagstaff kuwa da an shiga Oktoba dare na iya daskarar da ruwa, ruwa in ya zama ƙanƙara kumbura yake da kusan kashi 9 cikin 100, ya isa ya fasa maka bututu da tukunyar dumama ruwa ka dawo ka tarar da aikin da ya fi kuɗin tikitinka.

Tankin bayan gida da na ruwan wanke-wanke ka juye ka ɗauraye sosai, ka bar ɗan ruwa a bakin masai ka rufe da leda kar robar ta bushe. Ka rufe tukunyar gas. Firij a kwashe komai a goge a bar ƙofarsa a ɗan buɗe in ba haka ba fumfuna da wari. Ko ƙwayar shinkafa kar ka bari a ciki, ɓerayen jejin can wayoyin inji suke ci, duk wata kafa ta ƙarƙashi inda bututu ya shiga ka cusa mata soson ƙarfe. Batir in na ruwa ne ka cika shi da caji ka cire kan waya, in lithium ne a bar shi kusan rabi a kashe shi. Ka cika tankin mai ka zuba maganin da ke hana shi lalacewa, ka canja baƙin mai, ka ba tayoyi iska daidai ka lulluɓe su, kar ka bar birkin hannu a ɗaure watanni don yana kamewa, katako zaka sa ka tare tayoyin. Inshora kar ka yanke ta, kira su ka ce motar na ajiye sukan rage kuɗi. Sannan ka bar makulli ɗaya wurin amintacce, ko wani ɗan'uwa a masallacin da kake Juma'a, ya dinga leƙawa.

Girin kad ɗinka, a nan nake so ka buɗe kunne. Fita ta ƙasa da wata shida yawanci ba ta da wata damuwa. In ka haura kwana 180 ma'aikatan shige da fice na da damar tsare ka da tambayoyi ko ka bar zama a Amurka ne, kuma yana iya katse maka lissafin shekarun neman zama ɗan ƙasa. In ka cika shekara a waje katin kaɗai ba zai shigo da kai ba, sai in tun kana can ka cika fom I-131 ka nemi izinin dawowa, wanda ke kaiwa shekara biyu. Kai kuma da baka da takardar haya da zaka nuna, hujjojinka sune takardun harajin da ka biya, lasisin tuƙi, rajistar mota da inshorarta, asusun banki, takardar wurin aiki, da rasiɗin wurin da ka ajiye motar, ka haɗa su a jaka ɗaya ka taho da su a hannu. Masu irin rayuwarku da yawa a South Dakota ko Texas ko Florida suke yin rajistar adireshi saboda jihohin basu da harajin albashi kuma akwai kamfanonin karɓar wasiƙu, ka tabbata adireshin da ke hannun hukumar shige da fice shine wanda wasiƙa za ta same ka, doka ta ce a sanar da canji cikin kwana 10, kuma ka biya kuɗin da za su dinga buɗe wasiƙunka suna turo maka hotonsu kana Kano. Dokokin shiga Amurka suna saurin canjawa a 'yan shekarun nan, kuɗin ganin lauya na awa ɗaya kafin ka tashi ba asara bane. Ni dai shawarata wata huɗu, in ta yi tsawo biyar, ka bar wa kanka rarar wata guda saboda abinda ka iya tasowa. Ka duba fasfo ɗinku na Najeriya ma yau ɗin nan, sabuntawa sai da lambar NIN, ofisoshin kuma a Washington da New York da Atlanta suke, duk nesa da Arizona.

Abu ɗaya da baka tambaya ba amma bazan yi shiru a kai ba, maleriya. Damina zaka zo, lokacin sauro, kuma ɗan garkuwar da jikinka ya tara kana yaro ta tafi da ka daɗe a waje, masu zuwa ganin gida suna cikin waɗanda zazzaɓin ya fi kayarwa saboda suna cewa ai mu 'yan gida ne. Ku ga likita kafin ku taso ya rubuta muku maganin rigakafi ku sha yadda aka ce har bayan kun koma, ku kwana cikin gidan sauro, ku riƙe katin allurar shawara. In kun koma wani ya yi zazzaɓi kuna can cikin jeji, a tada mota a nufi asibiti a ranar a kuma gaya musu daga Najeriya kuke.

Sallah kuwa cikawa zaka yi a Kano ko ta ina aka duba, garinku ne kuma watanni ka yi niyya. A mazhabar Malikiyya da muka tashi a kai, kasaru tana ga wanda ya nufi tafiyar mil 48, wajen kilomita 80, kuma niyyar zaman kwana huɗu cikakku tana yanke ta. Kaga kenan zamanka na Quartzsite duk lokacin sanyi ma cikawa ce, ba kullum kake matafiyi ba don gidanka na da taya. Ranar da kuka ɗauki doguwar hanya zuwa wurin da kuka ƙudurta sai ku yi kasaru ko da iyali da kayan gida na tare da kai, malaman mazhabar sun kawo misalin matuƙin jirgin ruwa da iyalinsa ke cikin jirgin, Hambalawa ne suka ce shi ya cika. Wanda kuma ya fita yawo bai san inda ya nufa ba, ba kasaru a kansa. In ka zo ka zauna da malamin unguwarku ka zayyana masa yadda makonku ke tafiya ya daidaita maka.

TAMBAYA: Kawu barka da aiki. Ni mutumin Damagaram ne ina Faransa da iyali, muna da kampin-kar, wato motar gida, muna rayuwa cikinta rabin shekara. Mahaifina ya sha ba ni labarin yadda Turawa ke ratso Sahara da Peugeot 504 su sayar a Agadas. Burina in shigo Zinder da motata yarana su ga hanya, a hutun Yuli da Agusta. Ta Aljeriya zan bi ko ta Maroko?

AMSA: Ɗana, buri ne mai kyau kuma na ji daɗin yadda kake son yaranka su san nisan da ke tsakanin inda aka haife su da inda uban su ya fito, amma da yara a mota kuma a Yuli, ban yarda ba, ko ta ina. Labarin mahaifinka gaskiya ne, a shekarun 1970 da 1980 haka ake yi, jirgin ruwa daga Marseille zuwa Aljas, a gangaro Ghardaia da In Salah da Tamanrasset da In Guezzam, a shigo Nijar ta Assamaka, sai Arlit sai Agadas sai Zinder. Zamanin ya wuce. A 2010 an sace ma'aikatan kamfanin yuraniyom a Arlit, a 2025 an ɗauke Turawa mata biyu a cikin garin Agadas, mota fara doguwa mai lambar Faransa kuwa daga nesa ake hango ta, ba wanda zai tsaya tambayar ko mai ita ɗan Damagaram ne. Ga zafin tsakiyar Sahara a Yuli wanda in inji ya tsaya rai ake magana. Kuma kar ka ce zaka shiga Maroko ka tsallaka Aljeriya, iyakarsu a rufe take tun 1994.

Hanyar gaɓar teku ita ake bi yanzu, jirgin fito daga Algeciras zuwa Tanja, a bi Agadir da Dakhla a tsallaka Muritaniya ta Guerguerat, Nouadhibou, Nouakchott, a shiga Senegal ta Diama ko Rosso, kwalta ce kusan duka amma fiye da kilomita 3,000 ce kafin ka ga Dakar, kuma a nan aikin yake farawa. Gajeriyar hanya ta Mali da Burkina ba ta biyuwa da iyali, a Satumban 2025 aka fara ƙona tankokin mai a hanyoyin shiga Bamako. Sai dai ka zagaya Gini da Kodebuwa da Ghana da Togo da Benin cikin tsakiyar damina, gadar Gaya da Malanville kuma ta daɗe a rufe tun bayan juyin mulkin Yulin 2023, wato ka shigo Najeriya ta Seme ka hau har Kano ka bi Daura ka shiga ta Matamaye. Ana yi, wata 'yar Najeriya Pelumi Nubi ta taso daga Landan ƙarshen Janairun 2024 da ƙaramar Peugeot 107 ta iso Legas 7 ga Afrilu, amma kaga fiye da wata biyu kenan zuwa kawai, ita kaɗai, a rani, har da haɗarin da ta yi a Kodebuwa. Kai wata biyu ne duka hutunka, da ka iso ko ruwa baka sha ba sai juyawa.

Ga motar kanta, irin naku yawanci a kan Fiat Ducato ake gina su, cikinsu kusa da ƙasa, bayansu dogo, rami ɗaya mai kyau ya tafi da tankin ruwa, sabbin injinan dizal na Turai kuma basa jure man da sulfur ya yi masa yawa, ga neman AdBlue, ruwan da ke tace hayaƙin injin, a hanya. Ga takardar duwan ta wucewa da mota da sai ka ajiye kuɗi masu kauri kafin a baka, ga inshorar kowane yanki, ga jandarma a kowane shinge. Ka kai motar wurin masu ajiya a Faransa, ka yi mata irin shirin da na zayyana wa ɗan'uwanka na Arizona, ku hau jirgi zuwa Yamai ta Kasablanka ko Istanbul, in yaran fasfo ɗin Faransa kaɗai gare su ka fara neman bizarsu da wuri. Daga Yamai zuwa Zinder kusan kilomita 900 ne ta Dosso da Ƙonni da Maradi, ku bi da rana cikin bas, wallahi hanya za su gani har ta ishe su. In ƙishin Sahara bai barka ba, ka kai su kudancin Maroko a hutun Disamba, ana ba motar baƙo wata shida a can.

TAMBAYA: Kawu ina wuni. Ƙanena ne ya zo daga Turai bayan shekaru, shi da matarsa a motar gida suke zaune can. Mun yi murna mun gyara masa ɗaki, amma sati ɗaya kawai ya fara zumuɗin fita, yau Yankari gobe Jos, in baƙi suka cika gida sai ya sulale ya hau soro shi kaɗai. Ko gaisuwar rasuwar da aka yi baya nan bai gama ba. Raina ya ɓaci, ji nake kamar mun gundure shi. Ni ce babba, me zan yi?

AMSA: Sannu Hajiya, Allah ya saka miki da alheri da riƙon zumunci. Ɓacin ranki yana kan hanya, amma ina ganin ba gundura bace. Mutumin da ya shekara da shekaru shi da matarsa kaɗai cikin wurin da bai fi ɗan ɗaki ba, ba mai sallama ba mai buga ƙofa, kuma doka ma ba ta barinsa ya daɗe wuri guda, a Turai wuraren tsayawar irin motocin nan da yawa kwana ɗaya zuwa uku ake bari, a yawancin filayen gwamnatin Amurka kwana 14, jikinsa ya saba da cewa in an kwana biyu a tada inji, kunnensa ya saba da shiru. Rana ɗaya ya faɗo gida mai mutum talatin kowa na son ganinsa. Hawa soron nan numfashi yake nema, ki bar masa shi, ki ma hana yara binsa, in ya samu awa ɗaya ko biyu zai sauko da fuska a sake.

Amma ta'aziyya da gaida tsofaffi ba a ɗaga masa ƙafa a kansu, zumunci a ƙafa yake, kuma wanda ya iya tuƙa mota daga ƙasa zuwa ƙasa don ganin dutse da teku ba shi da uzurin kasa zuwa gidan gwaggonsa da ke bayan layi. Ki kira shi ku biyu bayan sallar isha, ba a gaban matarsa ko ƙanne ba, ki ce masa ƙanena ga gidajen da aka yi rashi, ga tsofaffin da suka rage mana, ga maƙabarta, ki rubuta masa a takarda. Irin su da tsarin hanya suke rayuwa, in kika ce zagayen dangi kawai abun zai yi masa girma ba iyaka, in kika ce gida biyu kullum da hantsi daga nan zuwa Juma'a zaki ga ya bi. In ya gama sai ya je Yankarin, amma ya ɗauki yaran gida da ke ma, ki ga yadda yake in yana kan hanya, wataƙila a motar zai ba ki labarin da ya kasa ba ki a falo. Ki tambaye shi rayuwarsa da gaske, ina suke ɗibar ruwa, yaya suke azumi, wa ke duba su in ba lafiya. Da yawansu suna zuwa gida ana ta ba su labarin abinda ya faru bayansu, ba wanda ya tambaye su nasu sai dai yaushe zaka dawo ka zauna kamar kowa, daga nan sai su ja baki su yi shiru. Kai kuma ƙane in kana karantawa, Yayarka ta yi maka gyaran ɗaki da kuɗinta da ƙarfinta, ka zauna ka ci abincinta a gabanta ka kwana biyu baka taɓa makullin mota ba.

TAMBAYA: Kawu a gajarce, zan koma Amurka bayan ganin gida, dangi sun haɗa min tsaraba buhu guda harda kilishi da dambun nama, ga motar gidan tamu ba wurin ajiya. Me zan ɗauka?

AMSA: 'Yata, kilishi da dambun nama ku cinye su a gida, kwastam ɗin Amurka basa barin nama daga Najeriya ya shiga ko busasshe ne, har dunƙulen miya mai ɗanɗanon kaza ko nama sukan karɓe. Busassun kayan miya da aka daka irin su kuka da kuɓewa da yaji da daddawa yawanci suna wucewa, amma duk abinda ya danganci abinci ki faɗa a fom ki nuna musu, in kin faɗa iyaka su karɓe wanda basu yarda da shi ba, in kika ɓoye suka gano tara ce. Ki zuba su a robobi masu murfi mai kamawa saboda wari da ƙwari a ƙaramin wuri, ki rubuta sunan kowanne a jiki. Kuma kowace motar gida tana da iyakar nauyin da aka rubuta a jikin ƙofarta, ki duba kafin ki loda. Sauran tsarabar ki karɓa da hannu biyu ki yi godiya, in kin sauka ki raba wa Hausawan da ke garin da kuka ajiye motar kafin ku ɗauki hanya.